Gilashin da Inna ta yarda ta kalla

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata. Tun da aka yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Anka, a can na yi makaranta, a can na zama malamin firamare, sai lokacin hutu in hau babur in tafi Zugu ganin gida. Idan na yi sallama na durƙusa na gaishe ta, amsawa take yi sarai, amma idonta yana kan tsintsiya ko kan kazar da ke wucewa. In tana da magana da ni, autarta take faɗa wa, ko da kuwa na fi autar kusa da ita.

"Tambayi baƙonku ko shina cin tuwon dawa."

Sai ƙanwar tawa ta juyo da fuskar shaƙiyanci ta ce, "Yaya, wai kana cin tuwon dawa?" In ce ina ci. Ta juya ta kai amsa. Haka muka yi shekara talatin da 'yan kai. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Kowa ya san kunya ce, haka ita ma uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma tsokar da ta fi kowace girma a miya kullum a kwanona take faɗawa, ba a san wanda ya sa ta ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne dariyarta. Inna mace ce mai dariya. Tun daga bakin zaure za ka jiyo ta, tana yi tana tafa hannu, mata sun kewaye ta. Amma da na ce salamu alaikum shi ke nan, kamar an kife tukunya da murfi. Na san dariyar uwata da kunne, ban san ta da ido ba. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, a cikinsa kuma ta ɗaure fuska, ido ɗaya a lumshe, sai ka ce an kawo mata saƙon haraji.

Kamara ta shigo hannuna ne ta hanyar da ban zata ba. Lokacin da ake kwashe ƙasar da gubar dalma ta ɓata a Abare, an ɗauke ni aikin hutu. Aikina shi ne in rubuta lambar gida a kan allo in riƙe, a ɗauki hoton tsakar gidan kafin a kwashe ƙasa da bayan an zuba sabuwa. Wata rana mai ɗaukar hoton ya kwanta zazzaɓi, aka rataya mini kamarar a wuya aka ce in danna nan. Na danna, kuma daga ranar ban sake samun lafiya ba. Bayan 'yan shekaru na sayi tawa, ta hannu, a wajen wani ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Ta zo da gilashi guda, irin wanda ba ya gaba ba ya baya. In kana son abu ya matso, kai za ka taka ka same shi.

Da wannan gilashin na ɗauki 'yan makaranta, na ɗauki suna da walimar sauka, na ɗauki raƙuma ranar kasuwa. Inna kuwa sai ƙeya. Kafin in taka in isa inda fuskarta za ta cika hoto, ta riga ta tuna tana da aiki a ɗaki. Ina da hoton bayan kallabinta kala-kala, da wani zai buɗe shagon kallabi da na ba shi aro.

Ban damu ƙwarai ba, don ina ganin akwai lokaci. Sai ga shekarun da hanya ta fara lalacewa saboda 'yan bindiga, ana kwana da kunne ɗaya, mai babur ba ya yarda ya fita sai rana ta ɗaga. Ƙannena maza suka zauna da ni muka yanke shawara cewa da an gama girbi Inna za ta koma Gummi, gidan mai bi mini. Da ƙyar ta yarda. Ranar ce na tsaya na dubi tsakar gidan nan, rumbun da Baba ya gina kafin rasuwarsa, turmin da bakinsa ya cinye, inuwar da take zama tsince wake, na ji tsoro ya kama ni. In ta bar gidan nan ban ɗauke ta a cikinsa tana dariya ba, to ba ni da ita ke nan a inda na san ta. Saura wata biyu a yi girbi.

Dabarar da ta zo mini ita ce ta kowane matsoraci. Tun da ba ta yarda in matso, in sami gilashin da zai zuƙo ta daga nesa.

A Gummi akwai wani mai shagon hoto, dattijo mutumin Filato, wanda ya fi shekara ashirin a garin har 'ya'yansa sun fi ni iya Hausar wurin. Ban da ranar Lahadi da yake zuwa coci, kullum yana shago. Yana wanke hoto, yana gyaran kamara, kuma yana da wani akwatin gilas da yake jera gilasan kamara na hannu a ciki, kowanne a kan ƙyallensa, tare da ƙullin shinkafa don ta tsotse laima. Na tara abin da na tara, na sayar da tunkiyar da nake kiwo, na je na same shi na ce zum nake so, wato gilashi mai zuƙo abin nesa, mai sauƙin kuɗi.

Bai buɗe akwatin ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, a ina za ka riƙa tsayawa?"

Na ce ban gane ba.

"Kowa da ya zo nan yana gaya mini abin da zai ɗauka. Ni ba shi nake tambaya ba. Ina ƙafarka za ta kasance? Cikin ɗaki? Tsakar gida? Bakin fili? Ka faɗa mini inda za ka tsaya, ni zan faɗa maka gilashinka."

To ni jinin Inna ne. Ta yaya zan buɗe baki, ƙato da ni, in ce wa mutum uwata nake so in ɗauka, ita kuma ba ta kallona? Kunyar da nake ƙorafi a kanta ita ta shaƙe ni. Na ce masa tsuntsaye nake sha'awa, da masunta a tsakiyar gulbi. Ni da ban san bambancin balbela da shamuwa ba sai an nuna mini.

Ya ɗaga kafaɗa ya fito da guda uku. Na farko ɗan gajere ne mara nauyi, lambar da ke jikinsa daga sha takwas zuwa hamsin da biyar. Ya ce wannan shi ne na kullum, yana buɗewa ya kwashe ɗaki gaba ɗaya, yana kuma matsowa daidai fuskar mutumin da ke zaune da kai a tabarma ɗaya. Na biyu matsakaici ne, yana yin aikin kusa yana taɓa na nesa. Na tambayi kuɗinsa, ya faɗa, na ajiye shi a hankali da hannu biyu na yi masa fatan alheri. Na uku dogo ne baƙi, daga saba'in zuwa ɗari uku, in ka murɗa shi sai ya ƙara tsawo. Tsoho ne, jikinsa ya ƙuje, yana jinkiri kafin ya daidaita hoto, shi ya sa kuɗinsa ya zo kusan ɗaya da na ɗan gajeren.

Nan fa hankalina ya tafi. A kuɗi ɗaya, ga babba ga ƙarami, wane ɗan kasuwar ƙauye ne zai ɗauki ƙarami?

Dattijon ya koya mini yadda ake duba gilashi na hannu, kuma har yau ina gode masa. Ya sa na cire murfin gaba da na baya, na ɗaga shi saitin hasken ƙofa, in duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, ya ce wannan fumfuna ce, in ta shiga ba ta fita. Ya sa na kara shi a kunne ina murɗawa a hankali, in saurari ƙarar yashi. Ya sa na kifa shi, in ga ko zai zamo da kansa. Duk ya tsallake. Sannan ya ce in je bakin gulbi in gwada, shi ba ya sayar wa mutum abin da bai leƙa ba.

Na je. Rana tsaka ce, haske kamar me. Na jingina gwiwar hannu a sirdin babur na murɗa, sai ga wani masunci da nake hangowa ɗan mitsitsi ya taho har gabana, ina ganin ruwa na ɗiga daga komarsa, ina ganin goron da ke kuncinsa. Na juya wajen fadama, ga mata masu korar tsuntsu a gonar shinkafa kamar in miƙa hannu in karɓi gwangwanin da suke kaɗawa. Na yi ta dariya ni kaɗai. Na koma shago da saurina na biya.

Yana naɗe mini shi ya ce, "Ka sani, wannan ba ya son ɗaki, ba ya son inuwa, ba ya son hannu mai rawa. Kuma abin da ke kusa da kai ba ya ganinsa."

Na ce na ji. Ban ji ba.

Ranar Asabar na isa Zugu. Na zauna a bakin zaure ta ciki na ɗaga kamara, Inna tana can gindin rumbu da maƙwabta. Abin da na fara gani shi ne kunne. Kunne guda, ya cika hoton tam, ban ma san na wace ce ba. Na murɗa baya iyakar murɗawa, na sami kunne da rabin kallabi. Tsakar gidanmu da nake ganin fili ce, ashe taku goma sha biyu ce. Na ja baya har ƙeyata ta bugi bango. Kafin gilashin ya gama kai da kawowarsa yana gurnani, Inna ta ji, ta tattara wakenta ta shige ɗaki.

Ƙanwata ta zo ta tsaya a kaina. "Yaya, wagga aba ta hi ta dauri tsawo. Ko maganin sauro aka hesawa da ita?"

Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma a bayan gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya, can nesa da katanga kaɗan. Na auna da ido na ga daga reshenta na biyu tsakar gidanmu za ta zo daidai.

A nan ne matsalar take. A garinmu namiji ba ya hawa sama haka kawai. Mai gyaran jinka, mai yaɓen katanga, mai sassabe reshe, duk wanda zai hau inda zai hango cikin gidajen mutane, sai ya tsaya ya ɗaga murya sau uku ya ce za a hau sama, don mata su kimtsa ko su shige. Yaro ɗan shekara bakwai ya san wannan. Ni ma na sani, har koyar da tarbiyya nake yi a aji huɗu. Amma in na yi shela, mace ta farko da za ta shige ɗaki ita ce wadda nake nema. Na tsaya a gindin tsamiyar ina gardama da kaina. Na ce ai gidanmu kaɗai zan kalla. Na ce ai minti biyar ne. Na tuɓe takalmi na hau, da hantsi, babu shela.

Ban hau itace ba tun ina ɗan sakandare. Na isa reshen ina haki, na zauna, na rataya ƙafa. Daga can kuwa ga gidanmu a tafin hannu, ga kuma gidaje huɗu na maƙwabta da ban gayyata ba. Na sunkuyar da kai na saita namu. Inna ta fito, tana shanya kuɓewa a kan tabarma, ƙanwata ta faɗi wani abu, na ga kafaɗun Inna sun fara motsi. Dariya ce. Na murɗa har ƙarshe, na danna. Reshe yana lilo, hannuna yana rawa, ganye yana shiga tsakani. Na sake dannawa. Sai cinnaku suka gano ni, suka bi ta ƙafar wando. Ina cikin kare mutuncina da hannu ɗaya na ji wata mata ta ƙwalla ihu daga gidan da ke hagu.

"Wayyo jama'a! Ga mutum bisa icce da bindiga!"

Ku tuna wane lokaci ne. Kafin in ce wani abu gari ya motsa. Ƙofofi suna rufuwa, awaki suna gudu, maza suna fitowa da sanduna da abin da ya sawwaƙa. Na yi ta ihu ina faɗin ni ne, ni ne, kamar akwai wanda ya san wane ne ni a cikin ganyen tsamiya. Allah ya taimake ni wanda ya fara isowa dattijon maƙwabcinmu ne, aminin marigayi Baba. Ya kare ido da hannu ya leƙo sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa mutane su koma, ba kowa ba ne, malamin makaranta ne.

Wannan "malamin makaranta" ya fi mini bulala zafi.

Na sauko a gaban jama'a, babu takalmi, ina susa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, mi kaka nema bisa wanda babu ƙasa?" Ya ce, "Ubanka ya yi shekara arba'in shina gyaran jinka garin ga, bai taɓa hawa ba sai ya yi shela. Tahi gida-gida ka ba su haƙuri." Haka na bi gidaje huɗu ina sallama daga zaure ina ba da haƙuri, matan suna amsawa daga ciki, muryoyinsu na rawa don dariya. Na nuna wa mazajen duk abin da na ɗauka don hankalinsu ya kwanta. Hotuna goma sha ɗaya: ganye, ganye, sararin sama, wata zabuwa da ta fito tar kamar ita ta biya ni, sai wani farin hazo da nake kyautata zaton kafaɗar Inna ce.

Da na shiga gida Inna tana bakin murhu, ta ba ni baya. Ta ce wa ƙanwata, "Gaya ma mai hawan icce, in tsamiya shika so, akwai ta cikin tulu." Kafaɗunta suna motsi. Ko a ranar ma ƙeya na samu.

Na koma Gummi da dogon gilashina a jaka. Wannan karon da dattijon ya dube ni ta saman tabarau ban jira tambaya ba, na zayyana masa komai, tun daga yaye har cinnaku. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya kira matarsa daga cikin gida don a maimaita mata wajen tsamiya. Da ya natsu sai ya ce, "Malam, da ka faɗa mini tun farko. Tsakar gida za ka tsaya, ka ce mini gulbi."

Ya karɓi dogon, ya sake duba shi a haske ko na jawo masa wani abu, ya mayar da shi kan ƙyallensa, ya ɗauko ɗan gajeren nan da na raina. Ya ce musaya ce, ba ciko. Na riƙe shi a hannu, ba nauyi, jikinsa roba. Na ce amma wannan ba zai zuƙo ta daga nesa ba.

"Ba zai yi ba. Da wannan sai ka zauna inda ake ganinka. Uwarka ce, ba barewa ba." Ya nuna kamarar da ke wuyana. "Kuma ka daina rataya ta a wuya kamar soja. Ajiye ta a tabarma. A bar ta ta zama kayan gida."

Na bi maganarsa don ba ni da wata. Duk ƙarshen mako da hanya ta yi kyau sai in je, in ajiye kamara a gefen tabarma kusa da buta, in zauna ina ɓare gyaɗa. Na ɗauki rumbu, na ɗauki turmi, na ɗauki ɗakin Inna daga bakin ƙofa, gilashin ya buɗe ya kwashe jeren kwanoninta gaba ɗaya. Ita dai ban ɗaga mata ba. Aka yanke gero, aka yanke dawa, aka fara ɗaure kaya. Na fara sallamawa a raina cewa zan tashi da hoton gida babu mai gidan.

Ana jibi mota za ta zo, da la'asar, ina zaune a inuwar zaure. Ƙanwata ta ɗauki kamarar, ta kara a ido tana murɗawa, tana ihu wai rumbu yana tahowa yana komawa.

"Inna, taho ki gani! Rumbunki na tahiya!"

Na ɗauka za ta yi tsaki. Sai na ga ta goge hannu a zani ta karɓa. Ƙanwata ta nuna mata inda ake sa ido da inda ake murɗawa. Inna ta riƙe abin da hannu biyu kamar ƙwaryar nono, ta saita rumbu. Ta murɗa. Ta ce, "Ikon Allah." Ta juya kan turmi. Ta juya kan igiyar shanya, kan ƙofar ɗakin Baba da ke rufe, ta daɗe a nan. Tana juyawa a hankali tana bin gidan kusurwa-kusurwa, na gane sallama take yi da shi. Sai bakin gilashin ya iso kaina, ya tsaya.

Na sunkuyar da kai, yadda na saba. Ina jira ya wuce. Bai wuce ba. Na ji ɗan sautin murɗawa, a hankali, har ƙarshe. Na ɗaga kai.

Fuskarta tana ɓoye a bayan kamara, ido ɗaya a rufe, ɗayan yana ciki. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Yatsanta ya sauka kan maɓalli, ko da gangan ko da kuskure, kamara ta yi ƙyas.

Ba ta sauke ba. Ta ce wa ƙanwata, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe tabon ga na nan."

Ina da ɗan tabo a girar hagu. Gwaggo ta ce mini daga jaki na faɗo.

Ƙanwata ta ce, "Na jaki?"

"Wane jaki? Turmin ga na. Rarrahe shika yi, na juya in ɗebo ruwa, yab bugi bakinai. Ni nar riƙe wurin da zanena har jinin yat tsaya." Ta ƙara leƙo ni ta gilashin. "Har hurhura ta hito mai."

Shekara talatin da 'yan kai ina ɗauke da tabon nan a fuska, ban san hannun da ya tsayar da jininsa ba. Na yi farin ciki irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa, sai na mayar da su kan gyaɗa.

Ta miƙa wa ƙanwata kamarar, ta koma gindin rumbu ta zauna a kujerarta 'yar tsugune, ta gyara kallabi. Ta ce, "Gaya mai shi yi abin da za shi yi, tuwona na bisa wuta."

Na karɓa. Na matso har bakin tabarmarta, taku uku tsakaninmu, na durƙusa. Na murɗa, fuskarta ta zo daidai, ga rumbu a bayanta. Tana kallona kai tsaye, amma ta ɗaure fuskar nan ta katin zaɓe.

Ƙanwata ta tafa hannu. "La ilaha! Inna, yau ke ce ke kallon Yaya?"

Inna ba ta kawar da ido ba. Ta ce, "Wa ak kallonai? Ni gilashi nika kallo."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa, sai dariyar ta ƙwace mata. Ta zo gaba ɗayanta, da wushiryar da ban taɓa sanin tana da ita ba, da hannu ɗaya a sama za ta tafa. Na danna. Gilashin nan na roba bai yi gurnani ba, bai yi jinkiri ba.

Hoton yana bangon ɗakina a Anka. Da na kai katin kamarar wanki Gummi, dattijon ya daɗe yana kallonsa, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya nuna mini wanda ke gabansa a jeri, wani hoto karkatacce, an yanke rabin hular mutumin, idanunsa sun yi ja, ya ce wannan ya ɓaci, a goge? Na ce a bar shi a kati.

Bayan sati biyu ƙanwata ta kira ni a waya. Wai Inna ta ce a gaya wa mai hawan icce, wannan da ta ɗauke shi, ko da ya ɓaci, a wanko mata shi ƙarami. Na wanko na aika. Ƙanwata ta ce yana cikin kwallarta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da Sallah. Ban taɓa tambayarta ba, kuma in na je gaishe ta a Gummi har yanzu wa buta take amsawa.